A Kwafi Faifai Yadda Ya Ke Kafin A Matse Shi

Akwai wata magana da na daɗe ina so in yi da 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna, ina ta jinkiri don ina ganin kamar ƙarama ce, ba ta isa a ɓata takarda saboda ita ba. Yanzu na sake shawara. Da wuya ka shiga gidan ma'aikaci a ƙasar nan ka rasa 'yan faya-fayan bidiyo a ajiye, ko a cikin akwati ƙarƙashin gado, ko a bisa kabad ƙura ta rufe su. Wannan na ɗaurin aure ne, wancan na suna, ga na walimar saukar Alƙur'ani, ga na ranar da aka naɗa wa kawu rawani. Makarantu ma haka, kusan kowane ofishin hedimasta da nasa tarin, na ranar ba da kyauta da na yaye ɗalibai. Masu su duk sun saki jiki, suna tsammani abin da aka zuba a faifai ya zauna ke nan har abada, kamar rubutu a kan dutse. To, ba haka ba ne. Faifai ya kan mutu, kuma ba ya jinya balle a farga.

Na san waɗansu za su ce ai su tuni sun yi maganin wannan, sun kai wa yaro a shago ya juye musu a waya. Su ɗin ne ma na fi so su karanta wannan takarda, gama abin da suka yi shi na yi, na kuwa ga ƙarshensa.

Tun ina ƙaramin malami aka yi bikin ƙanwata, aka ɗauko mai bidiyo ya ɗauka, ya ba mu faifai ɗaya na DVD. A cikinsa akwai wurin da mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ta ke zaune a tabarma tana yi wa amarya nasiha, har tana dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Ba mu da wani hotonta mai motsi sai wannan. Da na'urar kallon faifai ta gidanmu ta lalace, sai na ɗauki faifan na kai wani shagon kwamfuta, na ce a sa mini a waya. Yaron ya yi mini aiki cikin ladabi, ya ce ya rage masa nauyi don kada ya cika mini waya. Na yi godiya, na biya. Na duba a fuskar waya na ga ba laifi. Faifan kuwa na jefa shi cikin aljihun mota, ya yi bazara biyu a can. Ranar da dangi suka taru muka sa abin wayar nan a babbar talabijin, sai ga fuskar tsohuwa ta zama kamar an shafa ta da danshin tsumma, idanu da hanci sun haɗe, zanen mayafinta ya koma 'yan murabba'ai. Na ce ba komi, ai asalin yana nan. Na ɗauko faifai, aka gwada a kwamfuta uku, ko ɗaya ba ta karanta rabinsa na ƙarshe ba. Nasihar kuwa a rabin ƙarshe ta ke. Ban ga laifin yaron ba, abin da na tambaya shi ya yi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuskuren da na yi shi ne na ɗauki aiki biyu a kan aiki ɗaya. Kwafi daban, juyi daban. Kowane akawu ya san bambancin nan a kan takarda. In aka ba ka wasiƙa aka ce ka fitar da kwafi, sai ka bi ta kalma bayan kalma, har da kuskuren da mai ita ya yi, sa'an nan a sa hannu a ce wannan daidai ya ke da asali. In kuwa aka ce ka taƙaita wa shugaba, sai ka tsinci abin da ka ga ya fi muhimmanci ka zubar da saura. Taƙaitawa aiki ne mai amfani, amma ba akawun kirki da zai taƙaita wasiƙa sa'an nan ya yayyage asalin. Juyar da bidiyo zuwa ƙaramin fayil na waya taƙaitawa ce. Na'ura ta kan duba hoton ta zubar da abin da ta ke zaton ido ba zai kula ba, abin da ta zubar kuwa ba ya dawowa. Saboda haka ra'ayina shi ne, duk faifan da ke da daraja a wurinka, fara kwafe shi ɗungum yadda ya ke, ba ragi ba ƙari, ka ajiye wannan a matsayin asali. Bayan haka ka juya yadda ka ga dama, sau nawa ka ga dama, amma kullum daga asalin nan.

Bari mu duba dalilin da ya sa faifai ba abin dogara ba ne. Iri biyu ne. Akwai wanda a ke bugawa a masana'anta, wanda a ke danna rubutunsa cikin jikin roba kamar hatimi. Wannan ya kan jure. Akwai kuma wanda a ke saya babu komi a kansa, a ɗora masa abu a shago ko a gida, watau mai alamar CD-R ko DVD-R ko DVD+R. Duk faya-fayan bukukuwanmu irin na biyun ne. A cikinsu akwai wani siririn shafe na rini, hasken leza ya kan bi ya ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rinin, ɗigon nan su ne rubutun. Wanda ya taɓa shanya baƙar riga a rana ya manta da ita ya san halin rini. Zafi da hasken rana da danshi duk suna cinsa sannu a hankali, mu kuwa Allah ya hore mana ukun nan a wadace, ga kuma ƙurar hunturu mai karce fuska. Faifan DVD faranti biyu ne na roba, kowane kaurinsa milimita 0.6, an manne su da gam, rubutun yana tsakiya. In gam ɗin ya saki, iska da laima suka shiga, shi ke nan. Shi kuwa CD, wanda a kansa a ke yin VCD, rubutunsa yana dab da gefen da a ke rubuta suna, ba abin da ya kare shi sai ɗan shafe. Don haka mutumin da ya danna biro ya rubuta sunan amarya a bayan faifai, watakila da hannunsa ya huda bikin.

Ba kuma wanda zai iya gaya maka ranar da naka zai mutu. Wani ya yi shekara ashirin lafiya lau, wani tun bai kai biyar ba ya fara tsalle yana tsayawa. Ya danganta ga kamfanin da ya yi shi, da na'urar da ta ɗora, da inda aka ajiye. Masu bidiyon biki kuwa, ba don in ci zarafinsu ba, yawanci mafi araha su kan saya, tun da ba a biya su kuɗin mai tsada ba.

Ga wani abu kuma da ya fi wannan gaggawa. Ko faifai bai mutu ba, abin karanta shi yana ƙarewa. An fara sayar da CD a 1982, VCD ya zo a 1993, DVD kuma ya fito a Japan a 1996. Ba a daɗe ba ke nan, amma tun 2008 kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar hannu wadda ba ta da wurin sa faifai, yau kuwa galibin sababbin kwamfutoci haka su ke. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda masana su ke yabon faya-fayansa, ya bar yin su a 2015. Sony ma ta daina yin faifan Blu-ray na ɗorawa a 2025. Wanda ya ke ganin da sauran lokaci ya tuna da kaset ɗin bidiyo. Kamfani na ƙarshe da a ka sani yana ƙera na'urar kallonsa, watau Funai, ya tsaya a 2016, yanzu mai kaset sai ya yi yawon neman mai tsohuwar na'ura yana roƙo. A gefe guda kuma, takardun da akawunan En'e na dā suka buga da tafireta da takardar kabon suna nan a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, kowa ya je da idonsa kaɗai zai karanta. Takarda ba ta bukatar na'ura. Faifai kuwa in babu na'urarsa, sai dai a rataya a keke don ado.

To, yaya a ke kwafin? Ba wuya kamar yadda a ke zato. A sami kwamfuta mai wurin sa faifai, in babu a nemi ɗan akwatin karanta faifai da a ke haɗawa da igiyar USB. A goge faifan da tattausan ƙyalle, daga tsakiya zuwa baki, kada a bi shi zagaye, gama rubutun a zagaye ya ke tafiya, karce ɗaya da ya bi layinsa ya fi goma da suka gitta shi ɓarna. In aka buɗe DVD a kwamfuta za a ga jaka mai suna VIDEO_TS. A cikinta akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB, su ne hoton da muryar, an yanka su gunduwa-gunduwa, ko wane bai wuce gigabait 1 ba. Akwai kuma ƙanana masu ƙarewa da IFO da BUP, su ne fihirisa mai nuna inda kowane babi ya fara. A kwashe jakar duka, kada a tsinci manya a bar ƙanana. Faifan gida ba shi da makullin da kamfanonin fim su ke sa wa nasu, saboda haka kwafewa kawai a ke yi kamar kowane fayil. Wanda ya fi son cikakken aiki sai ya ɗauki surar faifan gaba ɗaya ta zama fayil guda mai ƙarewa da ISO. Akwai manhajar kyauta mai suna ImgBurn da ke yin haka, tsohuwa ce, tun 2013 ba a sabunta ta ba, amma tana aiki. Manhajar VLC kuma tana buɗe jakar ko fayil ɗin ISO ta nuna kamar faifan ne a ciki. In VCD ne, jakarsa MPEGAV, fayilolin suna ƙarewa da DAT, su ma a kwashe su yadda su ke. Faifai lafiyayye ba ya cin rabin awa.

Irin wannan kwafi ba ya rage ko ƙwayar zarra daga hoton. Wannan ita ce falalar faifai a kan kaset. A zamanin kaset, kowane kwafi ya fi na gabansa dushewa, kamar kabon na huɗu a tafireta. Abin da ke kan faifai kuwa lambobi ne, in aka kwafi lamba daidai, kwafi na ɗari da na fari duk ɗaya ne. Watau dai hanyar tsira tana hannunmu kyauta, mu ne mu ke barinta mu bi wadda ke ɓata hoto.

Tuntuɓe biyu na ke so in nuna a nan. Na fari, cikakken DVD yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu kuma 8.5, alhali yawancin ƙananan filashi an tsara su da tsarin da a ke kira FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Sai mutum ya ga an ce babu wuri, ga shi kuwa filashin fanko. Maganinsa a sake tsara filashin da exFAT kafin a zuba komi. Na biyu ya shafi waɗanda suka yi amfani da kyamarar nan ta shekarun 2000 mai ɗauka kai tsaye a kan ƙaramin faifai na santimita 8, mai cin gigabait 1.4, kimanin minti 30. Irin wannan faifai sai an rufe shi a cikin kyamarar kafin wata na'ura ta iya karanta shi. Da yawa ba a rufe ba, mai shi ya sa a kwamfuta ya ga kamar babu komi, ya jefar. Kada ka jefar, kada kuma ka yarda in kwamfuta ta ce za ta tsara shi. Nemi kyamarar ko irinta, ka haɗa ta da wuta, ka rufe shi tukuna.

In faifai ya riga ya fara ciwo, kwafi na yau da kullum sai ya tsaya a tsakiya ya ƙi gaba. Kada a yi ta maimaitawa, kada kuma a kai wa mai goge faifai da inji tun ba a ceci abin da za a iya ceta ba. Akwai manhaja mai suna ddrescue, a kan Linux ta ke aiki, wadda ta kan fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta rubuta inda ta kasa, sa'an nan ta koma ta yi ta lallaɓa su. Ana iya sake na'urar karatu ta ci gaba daga inda ta tsaya, don sau da yawa abin da wannan ta kasa waccan ta kan karanta. Da ita aka ceto mini abin da aka ceto. Da na sa hannu shekara biyu kafin nan, da ban bukace ta ba.

Yanzu mu zo ga juyi, tun da ba wanda zai zauna da asali mai nauyi a waya, ni ma ban ce a yi haka ba. Nan ma hawa biyu ne, kuma mutane ba su cika sanin na farkon ba. Fayil ɗin bidiyo kamar fura ce a ƙwarya, akwai mazubi akwai abin da ke ciki. VOB mazubi ne, MKV mazubi ne, MP4 ma haka. Ana iya juye fura daga ƙwarya zuwa kwano ba a taɓa ta ba. Manhajar MakeMKV haka ta ke yi, ta haɗe gunduwoyin nan na VOB su zama fayil ɗaya, hoton yana nan yadda ya ke cikin tsarinsa na MPEG-2, nauyin ma kusan ɗaya. Wanda ya iya ffmpeg shi ma zai yi haka in ya umurce ta da kwafi. Ga mai son kallo a kwamfuta ko a talabijin, wannan ya isa, ba a yi asarar komi ba.

Hawa na biyu shi ne sake dama furar, watau matsewa. Nan ne a ke asara, kuma ina so a ji ni da kyau: babu matsewar da za ta rage nauyin bidiyon DVD ba ta rage wani abu daga hoton ba. Duk tallar da ta ce maka za ta mayar da gigabait 4 ya koma megabait 300 ba tare da asara ba, ko dai mai ita bai sani ba, ko yana so kai kada ka sani. Dalili kuwa, hoton da ke kan faifan tun farko matsattse ne, an riga an zubar da abin da za a zubar sau ɗaya. Abin da gwani zai iya shi ne ya sa asarar ta yi ƙanƙanta har ido ya kasa gani, wannan kuwa mai yiwuwa ne. Tsarin H.264, wanda aka tsayar a 2003, ya fi MPEG-2 iya tattali nesa ba kusa ba, kuma kusan kowace waya da talabijin na karanta shi a mazubin MP4. Manhajar HandBrake kyauta ce, ita kullum matsewa ta ke yi, ba ta kwafi. A cikinta kada ka tsayar wa fayil nauyi, ka tsayar masa inganci. Akwai ma'auni da su ke kira RF, masu manhajar sun ba da shawarar tsakanin 18 da 22 ga hoton DVD, ƙaramar lamba ita ce hoto mafi kyau da fayil mafi nauyi. Ni 18 na ke sawa ga abin iyali. Bidiyon biki ya fi fim wuyar matsewa, don hannun mai ɗauka yana rawa, dare ne, haske bai isa ba, ga taro kowa na motsi.

Akwai abu biyu da 'yan shago su kan ɓata ba da niyya ba. Hoton DVD irin na ƙasashenmu ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, hoto 25 a daƙiƙa. Amma ko wane hoto rabi biyu ne da aka saƙa, layi ɗaya na wannan layi ɗaya na wancan, kuma ba lokaci ɗaya kyamara ta ɗauke su ba, watau motsi 50 ne a daƙiƙa. Tsohuwar talabijin ta san yadda za ta nuna su. Fuskar kwamfuta da ta waya ba su sani ba, in ba a warware saƙar ba sai ka ga gefen duk abin da ke motsi ya yi haƙora kamar mataji. In kuma aka warware ta hanyar zubar da rabi ɗaya, rabin motsin ya tafi, dokin da ke sukuwa ranar hawan salla sai ya riƙa tafiya yana tsinkewa. A zaɓi warwarewar da ke ba da hoto 50 a daƙiƙa. Abu na biyu shi ne faɗi. Yawancin tsofaffin bidiyoyinmu faɗinsu huɗu ne tsawo uku, talabijin ta yanzu kuwa goma sha shida da tara. Sai a ja hoton don ya cika fuska, ango siriri ya koma mai tumbi, rawani ya baje kamar faifan tuwo. A bar baƙi a gefe biyu, ba aibi ba ne.

Sa'an nan ga masu cewa za su mayar maka da faifai ya zama HD. Mu yi lissafin 'yan aji huɗu. 720 sau 576 ya ba da ɗigo 414,720. Cikakken HD, 1920 sau 1080, ɗigo 2,073,600 ne, ninki biyar daidai. To, ɗigo huɗu cikin kowane biyar daga ina suka fito? Kyamarar ba ta gan su ba, na'ura ce ta cike da zato. Na VCD ya fi muni, 352 sau 288 ne, kusan rubu'in na DVD. Yanzu har akwai manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ke ƙaga ido da haƙora da gashin gira, hoto ya fito tas, sai dai mutumin da ke ciki ya zama wani mai kama da shi. An yi mini tayin a gyara fuskar mahaifiyata da irin wannan, na ƙi. Wanda ya ke so ya yi don nishaɗi, ba na hana shi, amma ya rubuta a jikin fayil ɗin cewa gyararre ne, kada jikoki su ɗauka kakarsu ke nan.

Haka kuma a sani, tura bidiyo ta WhatsApp a matsayin bidiyo matsewa ce, ɗora shi a Facebook ko YouTube ma matsewa ce. Wannan ya tura wa wancan, wancan ya sauke ya sake ɗorawa, taƙaitawar taƙaitawa ke nan. In dole a aika wa ɗan'uwa na nesa mai kyau, a aika a matsayin takarda, WhatsApp na karɓar har gigabait 2 ta wannan hanya ba ta taɓa shi.

Saura ajiya. Kwafi ɗaya ba ajiya ba ce, ƙaura ce kawai daga wannan haɗari zuwa wancan. Masu sana'ar hoto suna da ƙa'ida da su ke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani gida dabam. Dalilin na ƙarshen a fili ya ke, gobara da ɓarawo da ambaliya ba su zaɓe, abin da ke ɗaki ɗaya tare ya ke tafiya. Rumbun kwamfuta na waje mai terabait 1 ya ɗauki cikakken DVD fiye da 200, wanda ya fi abin da zuriya guda ta mallaka. Filashi na tafiya ne, ba na ajiya ba, ya kan ɓata, ya kan mutu farat ɗaya, a kasuwa kuma akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi, su karɓi kaya su haɗiye. Ajiyar intanet tana da kyau a matsayin kwafi na uku, amma kada ta zama ita kaɗai. A 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 wajen ƙaurar rumbu. Shi ma faifan na asali kada a yar da shi, a sa shi a gidansa a tsaye, a wuri mai inuwa da sanyi.

Akawun baitulmali ba ya yarda da shafi sai jimlar ƙasa ta yi daidai. Fayil ma yana da irin wannan jimla. Manhajar 7-Zip tana fitar wa kowane fayil lambar shaida da a ke kira SHA-256, mai harafi da lamba 64. In ɗigo ɗaya ya sake a cikin fayil, lambar duka sai ta sake. A rubuta ta ranar da aka yi kwafi, shekara shekara a sake fitarwa a gwada. Wanda ya ga wannan ya yi masa yawa, aƙalla ya zauna ya kalli kwafin daga farko har ƙarshe kafin ya ce ya gama. Ya kuma ba fayil suna na hankali, shekara da wuri da abin da aka yi, ya haɗa da 'yar takarda mai sunayen dattawan da ke ciki. Nan da shekara talatin ba mai sanin wane ne mai farin rawani a hagun ango in ba a rubuta ba.

Na ji mai cewa, malam, da kuɗin rumbu biyu ai gara in biya kuɗin makarantar yaro. Gaskiyarsa, ba na musu. Amma ba dole kowa ya sayi nasa ba. 'Yan'uwa huɗu su haɗa su sayi biyu, ɗaya a gidan babba ɗaya a gidan ƙarami, na'urar karatu ɗaya kuma ta ishi malaman makaranta guda su yi ta karɓa-karɓa. In aka auna da abin da aka kashe a ranar bikin, har da kuɗin mai bidiyon kansa, ba a bakin komi ya ke ba. Yin aikin a gida yana da wata fa'ida kuma da ba a cika faɗa ba. Faifan biki cike ya ke da matan gida cikin sakewarsu, ba abin da za a bari ya kwana a kwamfutar shago ba ne. In ba makawa sai shago, a tsaya a kai har a gama, a ga an share kafin a tafi.

Ga hedimastoci kuwa, da su na ke da magana ta aiki. A yawon duba makarantu na kan tambayi littafin kaya, in ga an rubuta kujeru da alluna har da tsintsiya, faya-fayan tarihin makarantar kuwa suna cikin aljihun tebur tare da tsofaffin maɓallai, ba lamba ba suna. Ina roƙon ko wane hedimasta ya buɗe musu shafi a littafin, ya ɗora wa malamin kwamfuta aikin kwafe su a wannan zango, a fara da mafi tsufa da waɗanda bayansu ya fara sake launi. Nan gaba kuma in za a ɗauko mai bidiyo, a sa cikin sharaɗi tun kafin a ba shi kafin alƙalami cewa zai miƙa fayilolin asali yadda suka fito daga kyamara, ba wanda ya matse don waya kaɗai ba. Yawancinsu su kan share bayan 'yan makonni don su sami wurin aikin gaba, saboda haka a karɓa a makon da aka yi taron.